Yadda Ake Fentin Kwamin Ninkaya a Saudiyya, da Iyakar Tasirin Launi Kan Zafin Ruwa

Duk ɗan uwanmu da ke aikin fenti ko kula da istiraha, wato gidan shaƙatawa da ake ba da haya, a Harazat ko Abhur ta Jidda, ko a Sumama ta Riyad, ko a bayan garin Makka, ya san cewa da zarar watan Yuni ya kama ƙorafin masu haya guda ɗaya ne, wato ruwan kwamin ninkaya (masbah) ya yi ɗumi har shigarsa ba ta kashe wa mutum zafi. Daga nan sai maigidan ya kira mai fenti ya ce masa, "Mu'allim, a sauya launin nan, wannan shuɗin ne yake dafa mana ruwa." A Ɗa'if da Abha kuwa buƙatar juyawa take yi, domin can launi mai duhu ake nema da fatan rana za ta ɗumama ruwan kyauta. Kowane ɓangare yana da 'yar gaskiyarsa, amma dukansu sun ɗora wa launi kayan da ya fi ƙarfinsa, kuma mai fentin da bai fahimci haka ba zai yi alkawarin da gwangwanin fenti ba zai iya cika masa ba.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, hasken rana ba ya isa ƙasan kwami da dukan ƙarfinsa. Kusan rabin ƙarfin da rana ke aikowa yana zuwa ne a wani nau'in haske da ido ba ya gani, wanda fata ce kawai ke jin sa a matsayin zafi, kuma ruwa yana shanye mafi yawansa tun a santimitocin farko na sama. Kafin hasken ya kai zurfin mita ɗaya, ruwan da kansa ya riga ya haɗiye fiye da rabin ƙarfinsa, ko da an shafa wa kwamin fari fat ko baƙi ƙirin. Abin da ya rage ya kai ƙasa shi ne kawai launin fenti ke da ta cewa a kansa. Launi mai duhu yana shanye kusan dukansa ya mayar da shi zafi ya ba ruwan, shi kuwa fari yana mayar da mafi yawansa sama. Amma ko wanda farin ya mayar ba duka ke tsira ba, domin ruwan yana sake shan wani a hanyar fita, fuskar ruwan kuma tana dawo da wani ciki.

Bari mu ɗauki kwamin da aka fi gani a istiraha, mai tsawon mita 8 da faɗin mita 4 da matsakaicin zurfi mita 1.5. Irin wannan yana cin ruwa lita 48,000. Kowace lita 1,000 ta ruwa tana buƙatar ƙarfin da ya kai kimanin kilowat-awa 1.16, a ma'aunin da mitar wutar lantarki ke ƙirgawa da shi, kafin zafinta ya ƙaru da digiri ɗaya a ma'aunin Salshiyas, saboda haka kwamin gaba ɗaya yana buƙatar kilowat-awa 56 a kan kowane digiri. A tsakiyar lokacin zafi, rana tana zuba wa kowace murabba'in mita ta ƙasar nan kimanin kilowat-awa 7 a yini, wanda a fuskar ruwa mai murabba'in mita 32 ya kama 224. Ko da ruwan ya shanye wannan duka, ƙarin da zai samu daga safe zuwa yamma bai wuce digiri 4 ba. Idan aka cire abin da ruwan ya sha tun a sama, sannan aka cire abin da bai iya fita ba bayan farin fenti ya mayar da shi, za a tarar cewa bambancin da ke tsakanin fari da baƙi a yini guda bai cika digiri ɗaya ba. Yana taruwa kaɗan kaɗan cikin kwanaki har ya tsaya a wajen digiri ɗaya zuwa biyu, domin gwargwadon ɗumin ruwa gwargwadon saurin zubar da zafinsa. Tsakanin fari da shuɗi mai haske kuwa, bambancin bai kai a yi musu a kansa ba.

Inda launi yake da ƙarfi sosai shi ne kwamin yara, wanda zurfinsa bai wuce santimita 40 ko 50 ba, saboda haske mai yawa yana kai wa ƙasansa kuma ruwan da zai raba zafin kaɗan ne. Haka nan duk wurin da ruwa bai rufe ba, kamar bakin kwami da matakalar farko. Launi mai duhu a busasshen siminti yakan wuce digiri 60 da tsakar rana a wannan ƙasa, kuma hakan ya isa ya ƙona tafin ƙafar yaro. A waɗannan wurare biyu babu wani dalilin da zai sa a bar launi mai haske.

Babban mai hukunci a kan zafin ruwa shi ne ƙafewa, wato tashin ruwa ya bi iska. Hikimar randa ce dai da muka sani a gida, wadda tsattsafon da ke jikinta yake bushewa ya bar ruwan ciki da sanyi. Kowace lita da ta ƙafe tana tafiya da zafin da ya kai kimanin kashi biyu cikin uku na kilowat-awa. A Riyad da Madina, inda iska take a bushe ƙayau, kwami buɗaɗɗe yana iya rasa santimita ɗaya na ruwa a yini guda na lokacin zafi. A kwamin da muka yi misali da shi wannan lita 320 ke nan, kuma zafin da suka ɗauke ya haura kilowat-awa 200, wato kusan daidai da duk abin da rana ta zuba. Shi ya sa za ka tarar ana digiri 44 a Riyad amma ruwan kwami yana da daɗin shiga da dare, alhali a Jidda da Dammam, inda iska ke ɗauke da laimar teku, ruwan ba ya samun hanyar sauke zafinsa, sai ya kwana da ɗumi ya tashi da ɗumi ko da an shafa masa farin da ya fi kowane fari.

Daga wannan ne ya kamata zaɓin launi ya fito. Zafin da ake so ga ruwan ninkaya yana tsakanin digiri 26 da 30, kuma dokar gasar ninkaya ta duniya ma 25 zuwa 28 ta tsayar. A Jidda da Makka da Jazan da gabar gabas, ruwa yana wuce wannan iyaka na watanni da dama, don haka ƙarin digiri ɗaya ko biyu hasara ce, ba don rashin daɗin wanka kaɗai ba, har da cewa ruwa mai ɗumi yana cinye kulorin, maganin tsabtace ruwa, da sauri kuma gansakuka tana samun wurin zama. A can fari ko shuɗi mai haske ne daidai. A Riyad da Ƙasim da Ha'il lissafin ya ɗan bambanta, saboda daren hunturu yana sauka ƙasa da digiri 10, amma a ganina ko a nan bai kamata a wuce matsakaicin shuɗi ba, domin digiri biyu ba za su sa a shiga ruwa a watan Janairu ba, amma za a ji su a watan Agusta. Ɗa'if, wadda ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,900, da Abha da ta haura mita 2,000, da Tabuka a arewa, su ne kaɗai wuraren da launi mai duhu yake da hujja, kuma ko a can murfin da ake shimfiɗa wa ruwa da dare ya fi shi aiki nesa ba kusa ba, tun da yake shi ƙafewar yake tarewa.

Akwai kuma dalilin da ya fi zafi da sanyi nauyi. Ƙasa mai duhu tana ɓoye abin da ke cikin ruwa. A istiraha da ake haya domin taron dangi, inda yara ke kai da kawo manya kuma na can suna hira, iya hango ƙasan kwami daga nesa na iya zama abin da zai ceci rai, musamman bayan magariba. Hukumar Difa'ul Madani, mai aikin kashe gobara da ceton rai, tana yawan jan kunne kan nutsewar yara a irin waɗannan wurare. Mai fenti yana da haƙƙin ya faɗa wa maigida wannan a fili tun kafin a sayi fenti. Ban da haka, launi mai duhu yana nuna kowane farin gishiri da ruwan rijiya ke bari a bango, kuma shi ne ke fara koɗewa a rana. Ya kamata kuma a san cewa launin da ke cikin gwangwani ba shi za a gani ba bayan an cika ruwa, domin ruwa yana shanye jan haske ya bar shuɗi. Farin kwami yana fitowa da shuɗi mai haske irin na sararin sama, mai launin rairayi yana komawa kore-kore, ruwan toka kuma yana yin shuɗi mai nauyi.

Idan sanyi maigida yake nema da gaske, to abin da za a nuna masa shi ne rumfa. Rumfar da ta rufe rabin kwami daga hantsi zuwa la'asar tana tare hasken tun kafin ya taɓa ruwa, wanda babu fentin da zai iya yin haka. Bayanta sai feshin ruwa da dare, wato a sa famfon ya riƙa watsa ruwan sama yana faɗowa, abin da ke aiki sosai a garuruwa masu busasshiyar iska amma ba ya yin wani tasiri mai yawa a bakin Bahar Maliya. A can sai dai na'urar sanyaya ruwa ga mai hali. Murfi kuwa na hunturu ne, kuma wanda ya bar shi a kan ruwa da ranar Yuli ya ƙara wa kansa matsala.

Kafin a shiga aikin kansa, a tabbata kwamin na fenti ne. Yawancin kwamin da ke ƙasar nan ƙananan tayil aka manna musu, kuma fenti ba ya kama fuskar tayil mai santsi yadda zai jure zama cikin ruwa. Wanda tayil ɗinsa ya lalace gara a gyara tayil ɗin, ko a ɓamɓare shi duka a yi sabon yaɓe. Kwamin kankare ko na yaɓen siminti shi ne asalin abin da ake yi wa fenti. Na faiba shi ma yana karɓa, amma efoksi kawai, bayan an goge shi da samfefa har ƙyallinsa ya tafi. Idan kankaren sabo ne, sai ya cika kwana 28 da zubawa kafin a kusance shi da fenti.

Fentin kwami iri uku ne. Efoksi yana zuwa a gwangwani biyu da ake haɗawa, shi ne mafi tsada kuma mafi daɗewa, masu yin sa sukan ambaci shekara 5 zuwa 8, sai dai rana tana sa fuskarsa ta riƙa fitar da farin gari kamar alli. Na roba mai kulorin gwangwani ɗaya ne, yana da sauƙin shafawa, yana yin shekara 2 zuwa 4, amma warinsa yana da ƙarfi ƙwarai. Akirilik da ruwa ake sirka shi, yana bushewa da wuri kuma yana haƙuri da ɗan danshi, amma da wuya ya wuce shekara 2 ko 3. Duk waɗannan adadi na ƙasashe masu sassaucin rana ne, don haka a nan a riƙa sa rai da na ƙasa. Fentin bango ko na ƙarfe da ake samu a kowane shago ba ya cikin wannan lissafi, kuma wanda ya shafa shi don neman arha zai gan shi yana yawo a saman ruwa kafin shekara ta zagayo.

Idan akwai tsohon fenti, dole a gano irinsa, domin waɗannan ukun ba duka ke jituwa ba. Efoksi a kan roba yana tattarewa ya ɓare, roba a kan efoksi kuma ba ta samun abin kamawa. Gwajin yana da sauƙi. A kankaro ɗan ɓawo a jefa cikin sipirit, idan ya narke ko ya yi laushi to akirilik ne. Idan bai motsa ba a jefa wani cikin zailin, wanda ake samu a shagunan fenti, idan ya narke to roba ce. Wanda bai ji ko ɗaya ba efoksi ne. Ƙa'idar ita ce a maimaita irin da aka tarar, in kuwa ana son sauyawa zuwa efoksi sai an kankare tsohon duka da injin guga ko feshin yashi har siminti ya bayyana. Haka ma idan fentin ya hau kan juna sau uku ko huɗu, domin nauyin kansa zai sa ya zubo.

Lokacin aikin yana da muhimmanci kamar irin fentin. Daga Nuwamba zuwa farkon Maris ne ya fi dacewa a yawancin ƙasar, saboda masu yin fenti suna so fuskar da za a shafa ta kasance tsakanin digiri 10 da 35, alhali simintin da rana ta buga a watan Yuli yana wuce wannan nesa. Ga kuma dokar ma'aikatar da ke kula da ƙwadago, wadda ta hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na yamma, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Watannin Maris zuwa Mayu lokacin guguwar ƙura ne a tsakiyar ƙasar, ƙurar da ta sauka a kan ɗanyen fenti kuwa ta zauna ke nan. A Jidda da Makka a kula da hasashen yanayi, domin ruwan samansu, duk da ƙarancinsa, a tsakanin Nuwamba da Janairu yake yawan zuwa, kuma ba ya sallama. Aikin gaba ɗaya yana cin kusan mako biyu, saboda haka a sa maigida ya rufe haya na wannan tsawon, kada a wayi gari yana matsa wa mai fenti lamba don an kama wurin a daren Juma'a.

Zubar da ruwa ma yana da haɗarinsa. A unguwanni da dama na Jidda, musamman na kusa da teku, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa ƙwarai, kuma kwamin da aka kwashe wa ruwa yana iya tsagewa ko ma ya ɗago saboda turin da ruwan waje ke yi masa. Idan an san wurin yana da wannan hali, a tuntuɓi injiniya tukuna. Alamar da ke nuna ruwa yana shigowa daga baya ita ce wani wuri a bango ko a ƙasa da ya ƙi bushewa bayan sauran sun bushe, sau da yawa da farin gishiri a gefensa. Fenti a kan irin wannan wuri zai yi bororo, kuma idan aka fasa bororon za a tarar da ruwa a ciki. Sai an toshe shi da siminti mai saurin kamawa an kuma shafa maganin hana ratsawar ruwa kafin a ci gaba.

Da zarar ruwa ya ƙare, tun bango bai bushe ba, a fara wanki da injin feshi mai ƙarfi, sannan a bi da abin kankara a cire duk ɓawon da ya saki. A riƙa ƙwanƙwasa yaɓen da ƙotar guduma, duk inda ya yi ƙarar fanko a fasa a sake shi. Tsaga kuma a buɗe bakinta da injin yanka ta yi faɗi kaɗan, domin abin cikon ya samu wurin zama, a cike ta da ƙullin efoksi ko simintin gyara. Bayan haka sai wankin maiƙo da sabulu mai ƙarfi da burushi mai tauri, a fi dagewa a kan layin da ruwa ke tsayawa, inda man shafawa da na gashi suke taruwa su yi baƙin zobe. Asid ba ya cire maiƙo, don haka wannan wanki shi ne ke gaba, kuma wanda ya tsallake shi daga wannan layin fentinsa zai fara ɓarewa.

Sannan a zo ga asid, wanda amfaninsa shi ne ya buɗe fuskar siminti ya kuma cinye gishirin da ya manne. Ana sirka shi a bokitin roba, kashi ɗaya na asid cikin kashi 4 zuwa 10 na ruwa gwargwadon ƙarfinsa da abin da aka rubuta a jikinsa, kuma kullum ruwa ake fara zubawa sannan a tsiyaya asid a kai, domin akasin haka yana sa ya yi tsartuwa zuwa fuska. A sa takalmin roba da safar hannu da tabarau da takunkumi mai matatar sinadari. A jiƙa bango, a zuba a ɗan yanki, a goga, za a ga yana kumfa yana ƙara, idan kumfar ta kwanta sai a ɗauraye nan take kafin ya bushe. Simintin da ya ci asid daidai yana yin kaushi a tafin hannu kamar matsakaiciyar samfefa. Daga baya a wanke ko'ina da ruwan garin soda don kashe ragowar asid ɗin, a sake ɗaurayewa da ruwa mai tsabta, a kwashe abin da ya taru a wuri mai zurfi. Kada a kuskura asid ya haɗu da kulorin, ko a bokiti ko a ɗakin famfo, domin hayaƙin da suke fitarwa yana kisa. Tsohon efoksi kuwa asid ba ya yi masa kaushi, sai an bi shi da samfefa mai lamba 60 ko 80.

Bushewa ita ce matakin da aka fi yi wa gaggawa. Siminti yana iya bushewa a fuska cikin awa biyu a wannan rana alhali cikinsa sharkaf yake, kuma danshin da aka rufe da efoksi ko roba zai nemi hanyar fita ya tura fentin. A bar shi kwana 3 zuwa 5, sannan a gwada. A yanko leda mai haske kamar santimita 45 kowane gefe, a manna gefunanta huɗu da salatif a ƙasan wuri mai zurfi, wata kuma a bangon da ba ya samun rana, a bar su aƙalla awa 16. Idan aka ɗaga aka ga ɗigon ruwa a cikin ledar, ko simintin da ke ƙarƙashinta ya fi na gefe duhu, to da saura, a ƙara kwana biyu a sake.

Lissafin fenti daga fili yake farawa. A kwamin misalinmu ƙasa murabba'in mita 32 ce, bango huɗu kuma 36, jimilla 68, idan aka ƙara kashi 10 cikin 100 saboda matakala da abin da rola ke sha sai ya kama kimanin 75. Idan gwangwanin ya ce lita ɗaya tana rufe murabba'in mita 6, to shafi ɗaya zai ci lita 12.5, biyu kuma 25. Siminti tsirara yana sha fiye da haka a shafin farko. A sayi duka a lokaci guda daga gauraye ɗaya, domin ɗan bambancin launi tsakanin gwangwani da gwangwani yana fitowa fili a ƙarƙashin ruwa.

Efoksi ana haɗa shi ne daidai da awon da aka rubuta, ba da ƙiyasin ido ba, a juya da injin juyawa a hankali na wasu mintoci ana kankaro gefen bokiti da gindinsa. Wasu nau'o'in suna buƙatar a bar su su ɗan huta bayan haɗawa kafin a fara shafawa. Daga lokacin da aka haɗa shi agogo ya fara tafiya, kuma lokacin da aka rubuta a gwangwani yawanci na digiri 20 zuwa 25 ne, duk ƙarin digiri 10 kuma yana rage shi kusan rabi. Don haka a ajiye gwangwanayen a ɗaki mai sanyi tun daren jiya, a riƙa haɗa kaɗan kaɗan, a kuma juye shi a faranti mai faɗi, domin a cikin bokiti mai zurfi zafin kansa yana taruwa ya daskarar da shi. Idan bokitin ya fara ɗumi a hannu kuma fentin ya fara jan rola, to ya gama, kuma ƙara masa tina, wato sinadarin sirka fenti, ba zai dawo da shi ba.

Game da lokacin yini, masu sana'ar sun sha bamban, kuma garin da ake ciki ne ke raba gardamar. Siminti yana fitar da iska daga ƙofofinsa sa'ad da yake ɗaukar zafi, wato daga safe zuwa azahar, kuma wannan iska ce ke huda ɗanyen fenti ta bar ƙananan ramuka kamar na allura. Saboda haka a Riyad da Madina na fi son a yi shafin farko bayan la'asar, lokacin da simintin ya fara hucewa yana jan fentin ciki. A Jidda kuwa yamma tana zuwa da laima, raɓa kuma tana sauka da dare, abin da ke sa efoksi ya yi dishi-dishi ko ya yi danƙo a fuska. A can gara a fara da hantsi bayan raɓa ta bushe sarai, a kafa rumfar wucin gadi, a riƙa bin inuwa. Ƙa'idar masu fenti ita ce zafin fuskar ya fi matakin da raɓa ke fara sauka da aƙalla digiri 3, laimar iska kuma kada ta wuce kashi 85 cikin 100.

A share ƙura da safiyar aikin, a rufe fitilu da bakin bututu da layin tayil na sama da salatif. A fara da burushi a kusurwoyi da kewayen magudana, sannan a bi bango da rola daga sama zuwa ƙasa, ƙasa kuma a fara daga wuri mai zurfi ana ja da baya zuwa matakala domin a samu hanyar fita. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, saboda mai kauri yana bushewa a sama ya tsare sinadarin narkarwa a ciki. A yi na biyu cikin tazarar da aka rubuta, yawanci washegari, domin efoksin da ya wuce wa'adinsa ya yi tauri sai an sake goge shi kafin wani ya kama. A kan matakala da wurin da yara ke tsayawa, a yayyafa tataccen yashi mai laushi a kan shafin farko tun yana ɗanye, a share wanda bai kama ba, sannan na biyu ya rufe shi, domin efoksi a cikin ruwa santsi gare shi ƙwarai. A ja layi mai duhu a bakin kowace matakala da kuma inda zurfi ya fara, a rubuta adadin zurfin a baki.

Tururin tina da zailin ya fi iska nauyi, don haka ba ya tashi, gangarawa yake yi ya kwanta a wuri mai zurfi, daidai inda mai fenti yake durƙushe. Kwami da yawa a ƙasar nan suna cikin gini ne ko a tsakanin dogayen katangu saboda sutura, abin da ke hana iska wucewa. Kada mutum ya yi wannan aiki shi kaɗai, a sa fanka daga sama tana tura iska ciki, a nisantar da sigari da duk abin da ke tartsatsi, kuma da an ji jiri ko ɗacin baki a fito nan da nan. Lambar motar asibiti ta Hilalul Ahmar 997 ce, ta Difa'ul Madani kuma 998.

Bayan shafin ƙarshe a jira kwana 5 zuwa 7 kafin a zuba ruwa, a ƙara idan kwamin yana cikin gini ko an samu ruwan sama, kuma duk ruwan da ya kwanta a ciki a tsane shi da soso. Ranar cikawa, idan da wayit, wato motar tanki, za a kawo ruwa, kada a bar direba ya saki tiyo da ƙarfi a kan sabon fenti, a ɗaura masa tsumma a baki a kwantar da shi a wuri mai zurfi. A shirya motocin su biyo juna, domin tsayawa a rabi na yini guda yana barin zobe a bango. Ruwan da ake tacewa daga teku, irin wanda tashar Shu'aiba ke bai wa Jidda da Makka da Ɗa'if, bai da gishirin ƙasa da yawa, na rijiya kuwa yana da shi sosai kuma shi ne ke barin farin ɓawo, saboda haka a tambayi inda aka ɗebo, a kuma gwada ruwan tun ranar farko. A tsayar da ma'aunin tsami da ake rubutawa pH tsakanin 7.2 da 7.6, kulorin kuma kashi 1 zuwa 3 cikin miliyan. Kada a watsa garin kulorin kai tsaye ko a jefa ƙwayarsa ta kwanta a ƙasa, domin tana cin launi ta bar farin tabo da ba ya gogewa. A narkar da garin a bokitin ruwa tukuna a zuba a gaban bututun da ke dawo da ruwa yayin da famfo ke aiki, ƙwayar kuma a sa ta a cikin kwandonta mai yawo. A makonni biyu na farko burushi mai laushi kawai za a riƙa sa wa bangon.